Uku Waje, Biyu Ciki

Davou ya zo da sassafe daga Farin Gada,
ƙasar dankali ba ta bar farcensa ba.
Ya sa hannu a takarda, ya kwanta,
ya naɗe wando har saman gwiwa.
Likita ta kashe wurin da allura,
ta ɗebo tsoka daga cinya,
ba ta kai ƙwayar wake ba.
Ya ɗago kai ya leƙa, ya kece da dariya:
"Shi ke nan? Ai ko ɓera ba zai ƙoshi ba."

Ni aka miƙa wa.
Na tsoma ta cikin ruwan sanyi mai hayaƙi,
wanda sanyin Jos ɗan goye ne a gabansa.
Kafin ƙiftawar ido ta zama tsakuwa.
Ma'auni ya ce miligiram ashirin da ɗaya.
Cinyar da ke hawa bayan tirela da buhu,
iya rabona ke nan a cikinta.

A bangon kowane zare na naman nan
akwai masu tsaron ƙofa da ba su san dare ba.
Su tura sodiyam uku waje, 'yan gidan gishiri,
su jawo fotasiyam biyu ciki, 'yan gidan toka,
kowane juyi da ladansa a hannu,
ba sa aikin bashi.
Uku waje, biyu ciki.
Wane ɗan kasuwa zai yarda da wannan ciniki?
Amma da giɓin nan ƙafa ke ɗaguwa,
da shi Davou ke duƙawa ya ce, "Aza mini."

Na niƙa, na dama, na raba kwalba biyu.
Sai dai gidan cike yake da ma'aikata,
kowa na cin ladansa daga asusu ɗaya.
Yaya za ka tsamo murya guda
a tsakiyar Taminus ranar jajibiri?

Sai da dafi.
Ɗigo ɗaya a kwalba ta biyu,
dangin wanda kakana Tanimu ke dafawa
da 'ya'yan kwankwani don bakin kibiya,
yana korar mu yara daga gindin murhu.
Nasa zuciyar gada yake tsayarwa.
Nawa daga ƙetare yake zuwa da rasit,
masu tsaron ƙofar kawai yake sa wa barci.
Aikin kwalbar farko, a ɗebe na ta biyu,
abin da ya rage shi ne amsa.

Tara da kwata aka ɗauke wuta.
Na tsaya a duhu, tafina kan murfin firji,
kamar mai taɓa goshin yaro.
Can baya Baba Gambo na fama da janareto,
ya ja, ya yi tari, ya ja, ya yi tari,
a na biyar ya kama.
Na'ura ta farka ta manta komai.
Na sake daga farko.

Layi ya hau a allo, ɗan'uwansa ya biyo a ƙasa,
na zuba wa tazarar da ke tsakaninsu ido.
Haka muka auna Inna.
Sai da ta kwanta muka ga randa na ƙafewa,
muka gane tsakar gida ba ta share kanta.
Shekara talatin, ba wanda ya ɗauki alƙalami.

Na rubuta lambar, na sa kwanan wata.
Jibi zai dawo a cire masa filasta,
zai ce, "Malama, yaya ƙarfin nawa?"
Ban san me zan ce masa ba tukuna.

Babu keke a bakin asibiti.
Na kama hawan Tudun Wada a ƙasa,
jakata a kafaɗa, cinyoyina suna zafi,
wasu a ciki suna ta ƙirga
ba tare da sun tambaye ni ba.